Wata huɗu da daina zuba ruwan sabulu a tankin waifa

Na yi shekaru ina cika tankin waifar motata da ruwan famfo, in ɗiga sabulun wanke-wanke, don a ganina sayen ruwan wanke gilashi ɓarnar kuɗi ce. Wani dare babbar mota ta watso mini taɓo a gilashin gaba. Na ja sandar waifa, ina jin ƙarar famfon tankin, amma ko ɗigo bai fito ba. Waifa ta bi taɓon ta shafe shi kamar an yi yaɓe, hasken motocin da ke tahowa ya kashe mini ido. Da ƙyar na gangara gefen titi, gabana na ta faɗuwa.

Washegari bakanike ya ciro tankin ya juye a gabana. Wani abu ne ya zubo mai yauƙi, yana warin ruwan da ya daɗe a kwance. 'Yar matatar da ke gindin famfon ta toshe ruf, ƙananan ramukan feshin kuma farin gishirin da ruwan famfo ke bari ya daskare a bakinsu. Ya ce, "Maigida, wannan aikin sabulu ne. Allah ya so ka famfon bai ƙone ba." Ya wanke tankin da ruwan ɗumi, ya hura iska a tiyo, ya tsokale ramukan da allura.

Ranar na sayi ruwan wanke gilashi na ainihi, irin wanda ake sirkawa da ruwa bisa awon da aka rubuta a jikin kwalba. Gaskiya ya biya ni. Feshi biyu ya isa ya ɗauke ƙwarin da suka mutu a gilashi da maiƙon hayaƙin motoci. Ba ya kumfa, yana bushewa da wuri saboda barasar da ke cikinsa, kuma zane-zanen nan da sabulu ke bari, masu warwatsa hasken fitila da dare, sun ɓace. Har ƙugin da robar waifa ke yi ya ragu.

Abu biyu ne ba su yi mini ba. Warinsa na shigowa cikin mota idan na fesa, kuma kwalbar ba ta da ma'auni, sai da na ware masa kofi nasa. Na kuma karanta a jikinta cewa akwai metanol a ciki, wanda guba ne, ga ruwan kuma shuɗi shar mai jan hankalin yara. Shi ya sa nake kulle shi a but.

Yanzu duk mako biyu nakan buɗe bonet in duba tankin, wato mai hoton gilashi da feshin ruwa a murfinsa, kada a rikita shi da na radiyeta. Ba na bari ya ƙafe, ba na kuma haɗa masa wani samfuri sai na ɗauraye shi tukuna.