Fitilar tarkon ƙwari mai sola: faranti ya cika, gwaiba na ta zuba

A Garwa na sayi fitilar nan, irin mai haske shuɗi-shuɗi da faranti a ƙasa wanda ake zuba wa ruwan sabulu. Mai shagon cewa ya yi, "Alhaji, rataye ta ka je ka yi barcinka, duk ƙwaron da ke ɓata maka lambu ya gama yawo." Ni kuwa abin da ya kai ni shi ne babban malam-buɗe-littafin nan na dare, wanda ke huda gwaiba da lemu ya tsotse ruwan, kafin ka ankara wurin ya ruɓe, ɗan itacen ya faɗo.

Da damina ta zauna, kullum da safe farantin maƙil yake. Har na fara yi wa maƙwabta talla. Amma gwaiba ba ta daina zuba ba. Ran nan bayan isha'i na ɗauki tocila na shiga lambun. Wallahi ga malam-buɗe-littafin nan zaune a kan nunanniyar gwaiba, idanunsa na ƙyalli ja a hasken tocila, ya kafa baki yana sha. Tsakaninsa da fitilar bai fi taku biyar ba, ko motsi bai yi ba. Na duba reshe na gaba, ga wani. Na koma kan farantin na tona da tsinke: shinge ne, da buzuzu, da ƙananan ƙwari barkatai, har da ƙoƙi-ƙoƙi mai cinye mana miyagun ƙwari. Raina ya ɓaci matuƙa a daren nan.

Malamin gona da na kai wa kuka ya ce wannan irin ƙanshin nunannen ɗan itace yake bi, haske bai cika jan sa ba. Ya ce in tsince wanda ya faɗi, in riƙa cire nunannu da wuri, in ɗaura wa na kirki takarda. Ƙudan mangwaro kuma da rana yake yawo, shi tarkonsa daban.

Ba zan ce fitilar ba ta da amfani ba. Da na mayar da ita bakin gonar masara, tana kama uwayen tsutsa, kuma yawan da na gani da safe yana nuna min lokacin duba ganye. Sai dai in farin wata ya yi, kamun raguwa yake sosai.

Ga kuma batir. An ce min har asuba take kai wa, amma ranar da aka wuni da hadari, kafin tsakar dare ta mutu, alhali da damina ake bukatarta. Na koma shagon da maganar, yaron ya ce ai kayan da aka riga aka jiƙa da ruwa ba ya dawowa. Mai gwaiba da lemu, kada ka saye ta da wannan niyya.