Laka, Bulon Siminti ko Matsattsen Tubali: Abin da Magidancin Karkara Zai Auna Kafin Ya Fara Gini

Magidancin da ke zaune a ƙauye, wanda kuɗi ba sa shigo masa sai da kaka ko ranar da ya kai ɗan rago kasuwa, lissafinsa na mallakar muhalli ya bambanta da na ma'aikacin birni. Da wuya ya sami ginannen gida ya saya. Abin da ke gabansa shi ne neman fili, da zaɓen kayan gini, da samo hanyar biyan su ba tare da rumbu ya ƙare kafin sabon hatsi ya shigo ba, kuma kuskure a ɗaya daga cikinsu yana iya barin iyali da kango shekara da shekaru.

A fara da fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amma ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya a wuraren da ba a ayyana su birni ba. Filin gado ba ya cin kuɗi, sai dai idan ba a raba gadon a gaban shaidu ba, ginin da mutum ya yi a kansa yana iya zama abin shari'a tsakanin 'ya'yansa da 'ya'yan 'yan'uwansa. Filin saye kuwa yana buƙatar takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci da maƙwabtan da suka san iyaka, sannan a kai ta ƙaramar hukuma. Duk filin da aka yi wa farashi mai arha ƙwarai, a je a gan shi a watan Agusta lokacin da ruwa ya kankama, domin ambaliyar 2022 da ta rusa gidaje masu yawa a yankin Haɗeja da sauran sassan Jigawa ta nuna abin da gini a kwari yake jawowa.

Ginin laka shi ne mafi sauƙin kuɗi, kuma raina shi da ake yi yanzu ya fi aibinsa yawa. Ƙasar tana nan kusa, ana cuɗa ta da ciyawa a yi tubali, rana ta busar da shi kyauta, kuma kaurin bangon yana riƙe sanyi a watan Afrilu ta yadda bulon siminti ba ya iyawa. Wanda ke shakkar ƙarkonsa ya tuna da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19, wanda ya haura shekara 150 a tsaye kafin wani sashensa ya rufta a 2023, ko masallacin Yaama a jihar Tawa ta Nijar, wanda Falke Barmu ya gina da laka har ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Amma waɗannan gine-gine sun daɗe ne saboda ba a daina kula da su ba. Laka tana son yaɓe kusan kowace shekara, da gyaran indararo kafin ruwan farko, kuma masu iya haɗa makuba, wato shafen da ke kare bango daga ruwa, daga kwasfar ɗorawa sun yi ƙaranci a garuruwa da yawa. Babban rauninta shi ne gindin bango: ruwan da ya kwanta a tushe kwana biyu ya isa ya kayar da ɗaki. Saboda haka duk wanda ya zaɓi laka, kada ya yi rowar tushe. A haƙa shi da zurfi, a jera dutse ko marmara da siminti har ya ɗaga sama da ƙasa kamar zuwa gwiwa, sannan a ɗora tubali. Wannan ɗan ƙarin kuɗi ya fi kowane kashe-kashe na ginin amfani.

Bulon siminti shi ne burin kusan kowa, har ya zama ma'aunin arziki a ƙauye, kuma gaskiya ne ya fi jure ruwa, ba ya kuma neman yaɓen shekara-shekara. Matsalarsa ita ce farashinsa ba ya hannun mai gini. A farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura naira 10,000 a wurare da dama, kuma ƙauyen da ke nesa da titi yana biyan kuɗin mota a kan kowane buhu, ko daga masana'antar Kalambaina ta Sakkwato aka ɗauko shi ko daga ta Ashaka a jihar Gombe. Akwai kuma ha'incin wasu masu buga bulo, waɗanda ke cika yashi su rage siminti don buhu ɗaya ya fitar da abin da ya wuce ƙima. Kafin a biya, a ɗauki bulo ɗaya a sake shi daga tsayin ƙugu. Idan ya wargaje, a nemi wani wuri. Bango da irin wannan bulo bai fi laka mai kyau ƙarfi ba, ga shi ya ninka ta tsada, ga zafi. Kangayen da ake gani a bakin garuruwa, waɗanda suka kai taga suka tsaya ciyawa ta cika su, yawancinsu na masu wannan zaɓi ne da kuɗi ya yanke musu a tsakiya.

Tsakanin biyun akwai matsattsen tubali, wato jar ƙasa da ake gauraya ta da siminti kaɗan, abin da bai cika wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba, a matse ta da inji, a bar ta ta bushe a inuwa ana yayyafa mata ruwa. Wani nau'insa yana shiga juna, don haka ba ya cin kwaɓi sosai, kuma ko ba a shafe bangon ba yana da kyan gani. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Najeriya ta daɗe tana ƙera injinan buga shi, kuma da irinsa aka gina sabon masallacin Dandaji a Nijar, wanda aka kammala a 2018. A ganina shi ne ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, amma da sharaɗi biyu: ƙasar wurin ta dace, domin mai yumɓu da yawa tsagewa take yi, kuma a sami magini da ya taɓa aiki da shi. Inji ɗaya ya fi ƙarfin aljihun magidanci ɗaya, shi ya sa wannan zaɓi bai cika yiwuwa ba sai inda ƙungiyar gari ko ta manoma ta sayi injin hannu tana bayar da shi haya, gidaje suna buga tubalinsu bi da bi ta hanyar gayya. Garin da ya iya haɗa kai a kan inji, zai iya haɗa kai a kan magudanar ruwa da cike kududdufin da ke cin gindin katangu, waɗanda rashinsu ke rusa gida komai ingancin bangonsa.

Rufi ba ya buƙatar dogon bayani. Soron azara yana da sanyi, amma giginya ta yi wuya, azarar kirki ta yi tsada. Kwano ya fi sauƙin samu. A guji mai sirantaka sosai, a shafa wa katako maganin gara, a bar baki mai faɗi da zai kare bango daga feshin ruwa. A Nijar akwai ginin da ba ya buƙatar itace, inda ake rufe ɗaki da tubali zalla a siffar ƙubba, fasahar da aka fara koyar da magina a Chikal tun 1980, sai dai ta fi dacewa da wuraren da ruwan sama bai yi yawa ba.

Saura hanyar biya. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 yana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yana ba wanda ya yi zubi na aƙalla wata shida bashi da ruwan kashi 6 cikin ɗari, a biya har tsawon shekara 30. Babu bankin kasuwanci da ke kusa da wannan sauƙi, don haka malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ake cire masa kuɗin ya kamata ya bi kadinsa. Manomi kuwa biyan wata-wata bai dace da kuɗin da ke zuwa sau ɗaya a shekara ba, kuma takardar filin da banki ke karɓa jingina ba ita ce ke hannun yawancin mutanen ƙauye ba. Masu gudun kuɗin ruwa suna iya tuntuɓar bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, amma su ma sai sun ga shaidar samun kuɗi a kai a kai. Bashin ƙananan bankuna na 'yan watanni an tsara shi ne don jarin da ke juyawa, kuma ɗaki ba ya kawo ribar da za a biya shi da ita. Sayar da gona don a yi gini shi ne mafi muni a cikinsu duka.

Abin da ya rage wa mafi yawan iyalai shi ne adashe da ginin kaɗan-kaɗan, kuma ba abin kunya ba ne. Haɗarinsa shi ne hauhawar farashi, domin kwasar da aka jira wata goma ba ta sayen abin da za ta saya a farko. Maganin haka shi ne a mayar da kuɗin kaya ranar da aka kwasa: kwano da ƙusa da ƙofa suna ajiyuwa, siminti kuwa yana daskarewa cikin 'yan watanni, don haka shi ake saya a ƙarshe. A tsara gidan gaba ɗaya a ƙasa tun farko, har da wurin banɗaki nesa da rijiya, amma a ɗauki ɗaki ɗaya ko biyu kawai a shekarar farko, a buga tubali bayan girbi, a ɗaga bango cikin hunturu, a tabbata an rufe kafin ƙarshen Afrilu.