Revo Uninstaller da Wasan da Ke Rufe Kansa: Abin da Ya Yi Mini da Inda Ya Tsaya

Duk wanda wasan kwamfuta ya taɓa yi masa gardama ya san shawarar da ake fara ba shi: goge shi ka sake saukewa. Shawara ce mai sauƙin faɗa ga wanda ba shi zai sayi data ba. Manyan wasannin yanzu da yawa sun haura gigabait 60, wasu sun wuce 100, ga shi tun farkon 2025 kuɗin data ya ƙara tashi a Najeriya. Abin takaicin kuma shi ne, sau da yawa mutum zai goge, ya kwana yana saukewa, ya buɗe wasan da safe ya tarar jiya i yau. Dalilin da ya sa na gwada Revo Uninstaller ke nan, manhajar da ke cire wasu manhajoji daga kwamfuta ta share ragowarsu, kuma a kansa zan yi magana, tare da wasu abubuwan da dole a haɗa da shi kafin ya yi amfani.

Wasan nawa na tuƙin mota ne, a Steam na saye shi, wato manhajar sayen wasannin kwamfuta da sauke su, kuma ya daɗe yana aiki lafiya a kan laftof mai Windows 10. Bayan wata sabuntawa da ta shigo sai ya canza hali. Zai buɗe, tambarin kamfani ya fito, a fara loda gari, sai allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, in tsinci kaina a fuskar Windows kamar ban taɓa danna komai ba. Babu saƙon kuskure, babu maƙalewa, fita kawai yake yi abinsa.

Na bi matakin da kowa ke bi. A Steam, idan ka danna wasa da maɓallin dama na linzami ka shiga Properties, sannan Installed Files, akwai wurin da ake sa shi ya tantance fayilolin wasan. Ya gama ya ce komai daidai. Na cire wasan ta cikin Steam na sake saukewa, ya ci datar da ya ci, matsalar tana nan daram.

Sai da na fahimci yadda waɗannan matakai biyu suke aiki na gane me ya sa ba su warkar ba. Steam yana da jerin fayilolin da shi ya kawo. Idan yana tantancewa, waɗannan yake dubawa: wanda ya lalace ko ya ɓace ya sake kawo shi. Fayil ɗin da ba ya cikin jerinsa kuwa ba ruwansa da shi. Haka ma wajen cirewa, nasa yake kwashewa, ya bar duk abin da wani ya ajiye a foldar. To ni akwai ƙarin da 'yan wasa ke ƙirƙira, wanda ake kira mod, da na sa tun tuni don ƙara motoci da gyara launin hoto. Irin waɗannan sukan zo da ƙananan fayiloli masu suna kamar dinput8.dll ko dxgi.dll, a ajiye su kusa da fayil ɗin da ke tada wasan. Windows na da nasa fayilolin masu wannan suna, amma idan manhaja ta nemi irinsu, yakan fara duba foldar manhajar kafin ya je ga nasa. Ta wannan ƙofa mod ke shiga cikin wasa. Da wasan ya sabunta, tsohon mod ɗin ya daina dacewa da shi, amma bai daina shiga ba. Ka cire wasan ka mayar sau nawa ka ga dama, yana nan zaune a foldar yana jiran sabon. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Revo Uninstaller manhaja ce ta kamfanin VS Revo Group na ƙasar Bulgeriya. Akwai ta kyauta, akwai ta kuɗi da ake kira Pro, akwai kuma wadda ake ɗorawa a filashi a yi aiki da ita ba tare da an girka ta ba. Ta kyautar na yi amfani da ita. 'Yar ƙarama ce, saukarta ba ta jin jiki ko da intanet ɗin waya ne. Da ka buɗe za ka ga jerin duk manhajojin da ke kwamfutar, har da wasannin Steam, domin su ma suna da suna a jerin Windows.

Aikinsa hawa uku ne. Da farko yana ajiye matsayin da Windows yake a lokacin, ta hanyar System Restore, don a iya komawa idan abu ya ɓaci. Sannan ya kira mai cirewa na asali na manhajar; a wasan Steam, tagar Steam ce za ta fito ta tambaye ka ko ka tabbata. Bayan wannan ne nasa aikin ke farawa: ya bi sawu ya nemo abin da aka bari a rajistar Windows, wato inda Windows ke rubuta saitin manhajoji, da kuma cikin foldoji. Wuri ɗaya da ke son haƙuri shi ne tsakanin hawa na biyu da na uku. Kada ka danna Scan sai Steam ya gama cirewa tsaf, in ba haka ba zai lissafo fayilolin da ake kan gogewa a matsayin ragowa, jerin ya cika da tarkace, ka kasa ganin abin da kake nema.

Binciken yana da zurfi uku: Safe, Moderate da Advanced. Na tsakiya na zaɓa, kuma shi nake ba da shawara. Na ukun ya fi tono, amma gwargwadon zurfin tono gwargwadon yiwuwar ya kawo maka abin da ba na wasan kaɗai ba ne. Abin da ya fi burge ni a Revo shi ne ba ya goge komai da kansa. Jeri yake kawo maka, da cikakken adireshin kowane abu, kai ne za ka yi wa wanda kake so alama. A shafin rajista yana rubuta waɗanda yake nufi da baƙin rubutu mai kauri, sauran kuma hanya ce kawai da ke nuna inda suke. Akwai maɓallin zaɓar duka gaba ɗaya, kuma na san hannu yakan yi ƙaiƙayin danna shi. Ka daure ka karanta. Duk layin da ke nuni ga Steam kansa ko kamfanin Valve mai Steam, ba sunan wasanka ba, ka bar shi, domin sauran wasanninka a ƙarƙashinsa suke.

A shafin fayiloli ne na ga abin da nake nema. Foldar wasan tana nan a cikin steamapps, ƙarƙashin common, bayan an ce an cire shi, kuma a ciki ga dinput8.dll, ga wata folda cike da fayilolin mod, ga wasu ƙananan fayilolin saiti. Ya kuma nuno wata folda a AppData, wadda Windows ke ɓoyewa sai ka rubuta %localappdata% a akwatin da ke fitowa idan ka danna maɓallin Windows da R. Na yi musu alama na goge.

Sai dai a nan ne iyakar manhajar take, kuma ya kamata mai niyyar amfani da ita ya sani. Revo da suna da adireshi yake bin sawu. Wasanni kuwa ba su da wuri ɗaya na ajiya. Wani a Documents yake zuba kayansa, cikin My Games, wani a Saved Games, wani a AppData ɓangaren Roaming, waɗanda aka gina da injin Unity kuma galibi a LocalLow. Wasu ma ba sa sa sunan wasan a foldar, sunan kamfanin da ya yi shi suke sawa. Nawa haka yake: saitin hoto da ajiyar inda na tsaya suna Documents ƙarƙashin sunan kamfani, kuma da hannu na je na same su. Ban ga laifin wannan ba, don da ya kawo su cikin jeri, mai gaggawa zai share wasan da ya yi wata da watanni yana bugawa. Amma yana nufin Revo ba ya ɗauke maka nauyin sanin inda wasanka ke ajiya. Kafin ka taɓa komai, nemo foldar ajiyar ka kwafe ta zuwa filashi. Kada ka dogara da System Restore a nan, domin fayilolin tsarin Windows da rajista yake mayarwa, ba ya dawo da abin da ke Documents. Kuma a kwamfutoci da yawa a kashe yake, sai ka shiga System Protection ka kunna shi da kanka, in ba haka ba hawan farko na Revo bai ajiye komai ba.

Maganar data fa? Wannan karon ban sake sauke wasan daga intanet ba, kuma da na san dabarar tun farko da na huta. A wannan shafi na Installed Files akwai wurin da Steam ke ɗaure wasan a dunƙule ya ajiye maka shi inda ka zaɓa. Fayilolin wasan na asali yake ɗauka, ba ya haɗawa da ajiyarka ko saitinka. Don haka tsarin da na bi shi ne: na sa Steam ya tantance fayiloli, na ɗaure wasan zuwa faifan waje, na cire shi ta Revo, na share ragowar, na sake kunna kwamfutar, sannan na dawo da shi ta Restore Game Backup da ke cikin menu na Steam. Intanet ɗin da aka buƙata kaɗan ne ƙwarai. Wanda ke da kwamfuta biyu a gida ɗaya, ko mai shagon gem, yana da wata hanyar: tun 2023 Steam na iya jawo fayilolin wasa daga wata kwamfutar da ke kan rauta ɗaya maimakon intanet. Abin lura ɗaya, ka tabbata batirinka ya cika ko janareta na aiki kafin ka fara. Ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta fayil yana daga cikin abubuwan da ke lalata wasa tun asali.

Akwai wani tarko kuma da ba na Revo ba ne amma yana iya ɓata duk aikin. Steam Cloud yana ajiye ajiyar wasa a intanet, wasu wasannin kuma har da saitinsu yake ajiyewa. Idan saitin ne ya lalace, da ka buɗe sabon wasan zai dawo maka da shi. Na kashe shi ga wannan wasan kaɗai, a shafin General, kafin buɗewar farko. Na kuma shiga Disk Cleanup na Windows na share DirectX Shader Cache, wato fayilolin wucin gadi da katin hoto ke tarawa don wasa ya yi saurin lodawa. Ba ya cutarwa, sai dai wasan zai ɗan yi tangal-tangal a mintunan farko kafin ya sake tara sababbi.

Wasan ya buɗe, gari ya lodu, mota ta tashi. Ya tambaye ni harshe da hasken allo kamar ranar da na fara saye.

To ko kowane wasa mai rufe kansa Revo zai gyara? A'a, kuma kafin ka ɓata yammacinka akwai hanyar ganewa. Rubuta perfmon /rel a wancan akwatin na Windows da R, zai buɗe tarihin lafiyar kwamfutar, da jan alama a kowace ranar da wata manhaja ta faɗi. Danna ta wasanka ka duba sunan fayil ɗin da aka ce shi ya jawo. Haka bayanin yake a Event Viewer, ƙarƙashin lamba 1000. Idan ka ga fayil ɗin da ke cikin foldar wasan ne, ko ɗaya daga cikin waɗanda mod ke amfani da su, tsaftacewa irin wannan na da amfani. Idan kuwa ka ga nvwgf2umx.dll ko atidxx64.dll, to direban katin hoto ne, wato manhajar da ke sarrafa shi, na NVIDIA ko na AMD, kuma maganinsa daban: manhajar kyauta ta Display Driver Uninstaller, a yi aiki da ita a Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da abin da ya zama dole kaɗai, a cire intanet don kada Windows ya riga ka sa nasa direban, sannan a girka sabo. Idan sunan ya fara da msvcp ko vcruntime, sake girka Visual C++ na Microsoft shi ne abin gwadawa na farko. Idan kuma wasan yana tafiya lafiya na ɗan lokaci sannan kwamfutar ta mutu gaba ɗaya, fanka na ihu, wannan zafi ne. Laftof ɗin da ya sha ƙurar hunturu ya shiga zafin Afrilu, ba manhaja yake buƙata ba, a kai shi a buɗe a share.

Game da ta kuɗi, ban ga buƙatarta ga wannan aikin ba. Abin da Pro ya ƙara wanda zai yi wa ɗan wasa amfani shi ne sa ido a lokacin da ake girka manhaja don a san duk inda ta taɓa, da kuma cire ragowar manhajar da ta riga ta ɓace daga jerin Windows. Mai gyaran kwamfuta da ke wannan aiki kullum zai iya morarsa. Wanda wasa ɗaya ya dame shi, ta kyauta ta ishe shi. Sauran kayan da ke cikinta, irin su sharar tarkacen fayiloli da tarihin burauza, ban taɓa su ba; Windows na da nasa. Gaskiya ma, wanda ya riga ya san foldojin da na lissafa zai iya yin kusan duk aikin da hannu. Amfanin Revo shi ne yana tara maka su a shafi ɗaya, kuma yana kai ka cikin rajista ba tare da ka shiga kana lalube ba.

Ajiyata na mayar daga filashi bayan na tabbata wasan na tashi da kansa, fayilolin inda na tsaya kaɗai, ban haɗa da tsohon fayil ɗin saiti ba. Na sake daidaita hoton daga farko, na kunna Steam Cloud, da ya tambaya wanne zai riƙe na ce na kwamfutar. Mod ɗin motocin ya fito da sabon da ya dace da sabuntawar, na sa shi shi kaɗai na gwada, yana aiki. Na gyaran launin har yanzu bai fito ba, don haka wasan na nan da launinsa na asali.