Kafin ka sayi na'urar da ke nuna hoto yana shawagi a iska

Tambayar farko da ya kamata mai saye ya yi wa dillali ita ce, a kan me hasken yake sauka? Haske ba ya tsayawa a iska haka kawai, sai ya fito daga wani abu ko ya bugi wani abu kafin ido ya gan shi, kuma nan ne na'urorin da ake tallatawa da sunan hologram suka sha bamban.

Mafi araha ita ce fanka mai ƙananan fitilun LED jere a fukafukanta. Idan ta ɗauki gudu sai fukafukan su ɓace wa ido, hoton takalmi ko kwalbar turare ya bayyana kamar babu abin da ke riƙe da shi. Ta dace da shago, sai dai tana da ƙara, kuma wajibi ne a kafa ta can sama ko a sa mata murfi, domin duk yaron da ya gani sai ya miƙa hannu.

Akwatin gilashi kuwa tsohuwar dabara ce da John Henry Pepper ya nuna a Landan a 1862, inda gilashin da aka karkata yake dawo da hoton abin da aka ɓoye. Ba ya motsi, ba ya ƙara, amma yana son wuri mai duhu-duhu. Labulen hazo, wanda majigi ke haska hoto a kansa, ban ba mai shago shawarar sayensa ba, tunda iskar ƙofa ma tana wargaza shi.

Wanda ya fi kusa da abin da mutane ke buri shi ne faifan ASKA3D na kamfanin Asukanet da ke Hiroshima a Japan. Ƙananan madubai da aka jera a cikinsa suna tattara hasken allon da ke bayansa su haɗa shi a gabansa, har mutum ya iya zura yatsa cikin hoton bai taɓa komai ba. A 2022 wasu shagunan 7-Eleven a Tokyo sun gwada shi a wurin biyan kuɗi. Aibinsa shi ne tsada, sannan wanda ya tsaya daidai gabansa ne kaɗai yake ganin hoton sosai, saboda haka ya fi dacewa da kanta inda mutum ɗaya ke tsayawa, ba tagar da ke kallon titi ba.

Kowanne za ka saya, ka nemi a kunna maka shi da rana tsaka, ka taka gefe ka sake dubawa, domin bidiyon talla yawanci a duhu ake ɗaukarsa, kuma daga gaba.