Zaɓen Hanyar Sabunta Kalmar Sirri a Manhajar Intanet

Duk mai gina manhajar da ake rajista a cikinta dole ne ya tanadi hanyar da mutum zai koma asusunsa idan ya manta kalmar sirri, kuma ta wannan ƙofa ce 'yan kutse kan shigo saboda an fi yin sakaci da ita.

Tambayoyin sirri, kamar sunan mahaifiya ko makarantar da aka yi, su ne mafi arha, kuma su ya kamata a fara ajiyewa gefe. A 2008 an kutsa imel ɗin Yahoo na Sarah Palin, wadda ke takarar mataimakiyar shugaban Amurka a lokacin, da amsoshin da kowa zai iya samu a intanet, sannan ƙa'idojin 2017 na NIST, hukumar Amurka mai tsara ma'aunan fasaha, suka yi watsi da hanyar.

Lambar da ake turawa ta saƙon tes tana da farin jini, musamman inda mutane ba sa yawan duba imel, amma kowane saƙo kuɗi ne, kuma layin waya ba mallaka ce ta dindindin ba. Kamfanonin sadarwa kan sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, 'yan damfara kuma kan yaudari ma'aikata su mayar da layin wani kan sabon sim, kamar yadda aka yi wa shugaban Twitter na lokacin, Jack Dorsey, a 2019.

Mahaɗin da ake aikawa ta imel shi ne zaɓin da ya fi dacewa da yawancin manhajoji, muddin an cika sharuɗɗansa. Lambar da ke cikinsa ta kasance doguwa wadda ba a iya hasashenta, ta yi aiki sau ɗaya tak, wa'adinta ya ƙare da wuri, kuma kada a ajiye ta a rumbun bayanai a siffarta ta asali. Ko adireshin da aka rubuta yana da rajista ko ba shi da ita, amsar manhaja ta zama iri ɗaya, don kada baƙo ya gane su wane ne masu asusu. Bayan an sauya kalmar, a fitar da duk na'urorin da ke cikin asusun, a kuma sanar da mai shi.

Saura batun ginawa ko saye. Django da Laravel, kayan aikin da ake gina manhajojin intanet da su, sun zo da tsarin a shirye kyauta, sai dai Django na barin mahaɗin ya kai kwana 3 idan ba a sauya ba, Laravel kuma minti 60, kuma a ganina kwana 3 ya yi yawa. Ayyukan kula da shiga asusu da ake saye, kamar Auth0, wanda kamfanin Okta ya saya a 2021, da Firebase na Google da Cognito na Amazon, suna ɗauke wa ƙaramar tawaga nauyin gyara da sa ido, amma farashinsu na hawa ne gwargwadon yawan masu shiga a wata. Kafin a ƙulla da ɗayansu, a tambaya ko zai ba da damar kwashe bayanan kalmomin sirri ranar da aka so komawa wani kamfanin, domin idan bai bayar ba, sai dai a tilasta wa kowa sabunta tasa.