Times New Roman: haruffan jarida ne, a bi da su a haka

Sana'ata buga takardu ce a nan Sakkwato, daga kundin ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo har 'yan littattafan wa'azi da ake shimfiɗawa a ƙofar masallaci ranar Juma'a, kuma babu samfurin haruffan da ya ratsa hannuna kamar Times New Roman. Ɗalibi yakan shigo da umarnin malaminsa a baki: girman harafi lamba 12, tazara biyu tsakanin layuka. Yawancinmu ba zaɓarsa muka yi ba, a cikin kwamfuta muka tarar da shi. Tun 1992 yake zuwa tare da Windows, kuma da shi Word yake buɗe sabon shafi har 2007, lokacin da Calibri ya karɓe gurbin.

Ra'ayina shi ne samfuri ne mai kyau da muke ɗora wa aikin da ba nasa ba. Jaridar The Times ta Landan ce ta sa aka yi shi, bayan Stanley Morison na kamfanin Monotype ya kushe yadda ake buga ta. Morison ne ya tsara, Victor Lardent na sashen tallan jaridar ya zana, aka fara fitowa da shi ranar 3 ga Oktoba, 1932, jaridar ta riƙe shi shekara 40. Abin da jarida take so shi ne magana mai yawa a wuri kaɗan, a gajerun layuka. Shi ya sa haruffan suke a matse, cikinsu dogo ne, wuyan "l" da jelar "g" kuwa gajeru.

To mu sai mu ɗauko wannan mu shimfiɗa shi a faɗin takardar A4, layi ɗaya ya kwashi harafi 90 ko fiye. Ido ya kai ƙarshen layi, ya juyo, ya rasa inda zai ɗora. Tazara biyun kundin ɗalibai tana rufa asiri, amma wasiƙa ko rahoton da aka cushe da tazara ɗaya, mai karatu bai kai rabin shafi ba zai fara bin layi da yatsa.

A ƙaramin littafi mai girman A5 ne na ga ainihin kyawunsa. Wani dattijon malami a unguwarmu ya kawo fassarar da ya yi ta wani littafin fiƙihu, na tsara masa a lamba 13, na ɗan buɗa tsakanin layuka, na bar gefe mai faɗi don mai son yin ta'aliƙi. Ya ɗaga shafin gwaji ya nisanta shi da fuska, ya karanta sakin layi guda bai ɗauko tabarau ba, sannan ya ce, "Ɗana, wanga ya yi, kar ka taɓa shi." 'Yan ƙafafun nan da ke gindi da kan yawancin haruffan suna jera layin ya zauna daram, kalma ta fito da siffarta. Kuma saboda matsinsa, shafukan ba su yi yawa ba, ga wanda ya san kuɗin rim ɗin takarda yanzu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda yake ba ni ciwon kai shi ne injin fotokwafi. Harafin yana da sanda mai kauri da sanda siririya, kuma siririyar kamar zaren gizo take. In tawada ta fara ja baya, ko aka kwafi kwafin kwafi kamar yadda ake yi da takardun lacca, sandar tsakiyar "e" takan ɓace ya koma "c". In kuma tawadar ta yi yawa, idon "e" da na "a" su toshe. Ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ ma a nan take fara shan wahala, a ƙasa da lamba 11 ba na yarda in buga Hausa da shi in na san kwafi za a yi.

Maganar ƙugiya, Times ɗin da ke cikin kwamfutocin yanzu yana da ɓ, ɗ, ƙ manya da ƙanana, kuma sun dace da 'yan uwansu. Tsohon zubi ne ba ya da su, sai kwamfuta ta aro daga wani samfurin, ka ga harafi ɗaya ya yi tsiri a tsakiyar kalma. Don aikin Hausa zalla na fi sakin jiki da Charis SIL, kyauta ake saukar da shi, sandunansa sun fi kauri, ƙugiyarsa ta fi fitowa, sai dai yana cin wuri. Ayoyi da hadisai kuwa ba na barinsu a Larabcin da ke cikin Times, samfurin Amiri nake sa musu, wasulla sun fi zama daidai.

Times mai kauri, wato bold, ya isa kanun babi. Katin biki da fosta a nemi wani. Wayoyin Android ba sa zuwa da shi, don haka duk wanda zai tura wa malami aiki ta WhatsApp ya mayar da shi PDF tukuna, in ba haka ba wayar za ta sauya haruffan, shafuka su goce, lambobin da ke cikin jerin ƙumshiya su daina dacewa.