Kafin ka tura yaronka musayar ɗalibai waje

Musayar ɗalibai daban take da karatun jami'a, yaro ɗan sakandare ne zai tafi wata ƙasa ya zauna gidan mutanen da bai taɓa gani ba, ya shiga makarantar unguwarsu shekarar karatu ɗaya, ya dawo gida ya ƙarasa. Hanyoyin ba su da yawa, kuma ni dai akwai wadda na fi so.

Shirin musayar ɗalibai na Amurka mai suna YES nake nufi, wanda ke ɗauke da sunan sanatocinsu biyu Kennedy da Lugar. Majalisar Amurka ce ta kafa shi a 2002 bayan harin 11 ga Satumba, don yaran ƙasashen da Musulmi ke da yawa, Najeriya da Ghana da Kamaru duk an ɗauki yara daga cikinsu. Gwamnatin Amurka ke biyan jirgi da biza da inshorar lafiya har da ɗan kuɗin kashewa duk wata, kai uba ko sisi ba za ka ba kowa ba. Yara 'yan kamar 15 zuwa 17 ake ɗauka, a cike fom, a yi jarrabawar Turanci, a yi intabiyu, ɗan malamin firamare da ɗan kwamishina layi ɗaya suke bi. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne gidan da za a sauke yaro ba biyansu ake ba, su suka ce suna so, kuma sai an binciki tarihin duk wani babba da ke gidan, sannan akwai jami'in da dole ya riƙa tuntuɓar yaron duk wata. Bizar J-1, ta masu zuwa musaya, ake bayarwa, wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa kuma akwai sharaɗin ya dawo ƙasarsa ya yi shekara 2 kafin ya nemi zama na dindindin a can, ni wannan sharaɗin daɗi ya min. Dokokin bizar Amurka suna yawan sauyawa, to a fara duba shafin ofishin jakadancinsu a ga ko shirin yana nan har yanzu, kuma ko an buɗe na bana, kafin a sa wa yaro rai.

'Yan ƙungiyar Rotary ma suna da nasu shirin na 'yan 15 zuwa 19, amma jirgi da inshora a kanka suke, kuma yaro zai canza gida biyu ko uku a shekara, ni ban so haka ga 'ya mace ba. Na ƙungiyar musayar ɗalibai ta AFS kuma kai za ka biya, sai mai ƙumbar susa. UWC makarantun kwana ne 18 a duniya, shekara 2 ake yi, masu kyau ne amma wannan ai ba musaya ba ce.

Sai maganar da ke ci min rai. Yayata ta sayar da ɗan kunne da sarƙarta ta ba wani wai shi ejan ne, ya ce yana da gurbi uku a hannunsa, ya turo takarda mai tambarin mikiya ta WhatsApp, ya karɓi kuɗin fom, ya dawo ya karɓi na biza, ya karɓi fasfon 'yarta wai zai kai Legas, daga nan layinsa ya daina shiga, fasfon ma sai sabo aka yi. Don Allah iyaye ku ji ni, babu wani mahaluki da ke sayar da gurbin YES, duk wanda ya ce ka turo kuɗi asusunsa na kansa ɓarawo ne ko da carbi a hannunsa, ko da ɗan unguwarku ne. Takardar da ake neman J-1 da ita sunanta DS-2019, ƙungiyar da gwamnatin Amurka ta amince da ita ce kaɗai ke fitar da ita. Intabiyun biza kuma yaron da kansa zai je Abuja ko Legas, ba a wakilci. In suka ce makarantar gwamnati kyauta da bizar ɗalibai ta F-1 shi ma ƙarya ne, dokar can ta ce wata 12 kacal kuma sai an biya cikakken kuɗin makarantar. Suna son kalmar "yau ne rana ta ƙarshe", da ka ji ta ka kashe waya.

In yaro ya samu, Hajiya ki zaunar da shi tun a gida. Ya iya faɗa da bakinsa cewa ba ya cin alade, yana buƙatar wurin salla, ga watan da azumi zai kama, mai hijabi ta rubuta a fom ɗinta tun farko don a san gidan da za a kai ta. Sannan Alhaji ka je wurin shugaban makarantarsu kafin tafiya, can ana fara zango a Agusta a gama wajen Yuni, WAEC kuma Mayu da Yuni ake yi, ɗan SS3 zai rasa ta. A rubuce za a ba ka ajin da zai koma in ya dawo, da sa hannu da hatimi.